Kwatano: ƙofar tekun Nijar da aka tona da hannu

Tun da aka toshe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ɗan kasuwar Maradi da na Damagaram suka koyi wani lissafi da ba su saba da shi ba. Kwantenar da a da take sauka Kwatano, ta kamo hanyar Paraku ta iso Dosso, sai ta koma sauka Lome, ta ratsa Burkina Faso, ta jira rakiyar sojoji kafin ta shigo ta Tera. Kowane kwanan jira kuɗi ne, kuma mai sayen shinkafa da man girki shi ke biya a ƙarshe. Kafin rikicin, an saba ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku, ta Kwatano suke bi.

Wannan sabo na shekara da shekaru ya sa mutane da yawa ke ɗaukar Kwatano tamkar ƙofar da aka halitta don Nijar. Tsofaffin taswirorin gaɓar tekun ba haka suka nuna ba. A cikinsu babu tashar jiragen ruwa a wurin, babu ma mashigin ruwan da ya raba birnin biyu a yau. Mutane ne suka tona shi, kuma dalilin da ya sa aka mayar da wurin ƙofa yana kama da rigimar da ake yi yanzu: wa zai tsaya a bakin ruwa ya karɓi kuɗin fito.

Gaɓar da ba ta da ƙofa

Wanda ya buɗe taswirar wannan yanki ta tsakiyar ƙarni na 19 zai ga abu uku a jere. Daga kudu teku ne. Sai wani siririn zirin rairayi da ya miƙe daga ƙasar Togo ta yau har Legas. A bayansa kuma sai fadamu da tafkuna da ƙoramu, wani na zuba cikin wani, abin da Faransawa ke kira lagune. Garuruwan Aneho, Grand-Popo, Wida, Porto-Novo, Badagiri da Legas duk a bakin wannan ruwa na ciki suke. Turawa sun yi wa yankin laƙabi da Gaɓar Bayi a taswirorinsu, saboda yawan mutanen da aka yi safararsu daga nan zuwa Amurka.

Tekun wannan gaɓa ba ya karɓar baƙo da sauƙi. Igiyar ruwa tana karyewa da ƙarfi dab da rairayi, don haka manyan jirage suna tsayawa can nesa, ƙananan kwale-kwale su yi ta kai da komo da kaya da mutane. Da yawa sun kife, kuma ruwan yana da kifayen da ke cin mutum. Amma da zarar an tsallake rairayin, sai a tarar da ruwa kwance, ba iska ba igiya. Nan ne ainihin hanyar kasuwanci take. Gishiri, manja, tufafi, bindigogi da bayi, a kwale-kwale suke tafiya daga gari zuwa gari ta bayan rairayi, musamman tsakanin Porto-Novo da Legas.

Babban tafkin da ke arewacin Kwatano, wanda ake kira Nokuwe, a taswirorin Ingilishi na wancan zamani sunan Denham yake ɗauke da shi, sunan wani hafsan sojan ruwan Ingila da ya auna gaɓar a tsakiyar shekarun 1840. Mutanen Tofinu da suka gina gidajensu a kan turaku a tsakiyar tafkin, a Ganvié, don tsere wa maharan Dahome, sun riga shi zuwa da nisa, amma sunansa aka rubuta. Haka taswirar mai jirgi take: abin da ya dame ta shi ne zurfin ruwa da inda jirgi zai iya wucewa, ba mazauna wurin ba.

Abin lura a waɗannan taswirori shi ne, tafkin Nokuwe ba shi da tsayayyar mafita zuwa teku a Kwatano. Ruwan kogin Weme da ke zuba cikinsa gabas yake bi, ya wuce Porto-Novo da Badagiri, ya fita teku a Legas. Ke nan duk mai riƙe da Legas yana riƙe da maƙogwaron Porto-Novo.

Yadda aka fasa rairayin

Ingila ta kama Legas a 1861. Faransa kuma ta sa masarautar Porto-Novo ƙarƙashin kariyarta a 1863, ta janye, ta sake dawowa a 1882. Kamfanonin Faransa masu sayen manja suka ga kayansu na bi ta hannun jami'an duwan na Ingila. Mafita ɗaya ce: a sauke kaya a rairayin Kwatano, a tsallaka da su tafki zuwa Porto-Novo ba tare da an taka Legas ba. Shi ya sa wani ƙauye da ba kowa ya san shi ba ya zama abin faɗa. Faransa ta riƙa kafa hujja da yarjejeniyoyin 1868 da 1878 da ta ce Sarki Gelele na Dahome ya ba ta Kwatano. Fadar Abome ba ta taɓa yarda cewa ta sallama ƙasar da kuɗin fitonta ba. Ingilishi su ma ba su zauna ba. Sun kafa tuta a Ketonu, daidai ƙoramar da ta haɗa Nokuwe da ruwan Porto-Novo, wato suka sa hannu a wuyan sabuwar hanyar.

A watan Satumban 1885, lokacin da ambaliya ta cika tafkin, Faransawa suka sa aka tona ɗan siririn rami a rairayin don ruwa ya sami hanya. Ruwan ya ƙarasa aikin da kansa. Cikin ɗan lokaci ramin ya zama faffaɗan mashigi, wanda a yau tsawonsa ya haura kilomita huɗu, faɗinsa kuma kimanin mita 300. Shi ne ruwan da ɗan kasuwar Nijar ke gani idan ya tsaya a kasuwar Dantokpa, ko ya hau gada zai tsallaka zuwa Akpakpa. Da yawa suna ɗaukarsa kogi ne.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A ranar 10 ga Agustan 1889 Faransa da Ingila suka raba ruwan a tsakaninsu, suka ja iyaka daga ƙoramar Ajara, Ketonu ta koma hannun Faransa, aka kuma rubuta cewa jiragen ɓangarorin biyu za su riƙa wucewa ba tsangwama. Daga wannan layi ne iyakar Benin da Najeriya ta kudu ta samo asali. A watan Maris na 1890 dakarun Sarki Behanzin suka kai wa Kwatano hari. A watan Oktoba aka yi sulhu a kan Faransa za ta riƙa biyansa faran 20,000 a shekara a madadin kuɗin fito. Sulhun bai yi ƙarko ba: a 1892 aka koma yaƙi, Abome ta faɗi a watan Nuwamba, Behanzin ya miƙa wuya a farkon 1894. A cikin rundunar da ta ci Dahome har da wata bataliya da Faransawa suka kira tirailleurs haoussas, ko da yake a bakin Turawan gaɓa na lokacin, kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ne.

Mashigin 1885 bai zama hanyar manyan jirage ba. Rairayi yakan toshe bakinsa, ruwa ya sake fasa shi. Abin da ya yi aiki shi ne doguwar gadar ƙarfe da aka fara kafawa cikin teku a 1891, wadda ta wuce inda igiyar ke karyewa. Da ita aka yi ta lodi da saukale sama da shekara saba'in, har aka gina tashar jiragen ruwa ta yanzu, wadda aka fara aikinta a 1959 aka ƙaddamar a 1965.

Gyaɗar Maradi da hanyar Dahome

Nan ne Nijar ta shigo labarin, kuma ba da zaɓinta ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ga manomin gyaɗa na Maradi, Tasawa, Magarya ko Matamai, hanya mafi kusa zuwa teku ita ce Kano sannan Legas, kuma ta nan gyaɗar ta riƙa fita shekaru da dama. Layin dogon Dahome kuwa, mai tsawon kilomita 438, a Paraku ya tsaya tun shekarun 1930, bai ƙara gaba ba.

A farkon shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta ƙirƙiro abin da ta kira Opération Hirondelle: a tallafa wa kuɗin mota don gyaɗar Nijar ta bi ta Gaya da Paraku zuwa Kwatano, motocin kuma su dawo da kayan Faransa. Tunanin 1885 ne aka maimaita, wato kada dukiyar yankin Faransa ta bi ta ƙofar Ingila. Gadar Gaya ta farko an gama ta a 1958, a 1959 kuma aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Ɗakunan ajiyar kayan Nijar a tashar, zuriyar direbobi da masu fiton kaya, duk a kan wannan shawara ta siyasa suka ginu. Hanyar ta yi amfani, ba mai musun haka. Amma hanyar da siyasa ta buɗe, siyasa na iya rufe ta, kuma an ga hakan tun da wuri. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi, Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, Dahome kuma ta tare kayan Nijar. Ƙasashen biyu ba su kai shekara huɗu da samun ƴancin kai ba a lokacin.

Shi kansa rikicin Lete da ma'aunin zurfin ruwa aka kashe shi. Ƙasashen biyu sun kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague bisa yardar juna, kuma a ranar 12 ga Yulin 2005 kotun ta yanke cewa iyaka tana bin hanyar da jirgi ke bi a kogin Kwara, wato inda ruwa ya fi zurfi, kamar yadda yake lokacin samun ƴancin kai. Alƙalan sun tono wasiƙun kwamandojin mulkin mallaka, har da wata ta 1914 daga Gaya, da rahotannin masu auna kogi. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Kotun ta ƙara da cewa a kan gadojin Gaya da Malanville ma, iyakar tana bin wannan layi na cikin ruwa. Takardun da ake gani kamar kayan tarihi ne, su suka raba gardamar da ta yi shekara arba'in.

Mai ya bi sawun gyaɗa

Bututun ɗanyen man da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya ƙare ne a Seme, gabas da Kwatano, a kan wannan zirin rairayi da ke tsakanin teku da ruwan Porto-Novo. Da yake gaɓar har yau ba ta karɓar babban jirgi, ana ɗura man ne can cikin teku, kamar yadda jiragen manja ke tsayawa nesa a ƙarni na 19. An tsara zai riƙa fitar da ganga 90,000 a rana.

CEDEAO ta ɗage takunkuminta a ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen gadar, Nijar ta bar nata a rufe. Hukumomin Yamai sun ce akwai sansanonin Faransa a Benin da ake shirya wa Nijar sharri daga cikinsu. Kwatano ta musanta. A watan Mayu Shugaba Patrice Talon ya hana jirage ɗaukar man, sai da China ta sa baki aka yi lodin farko. A watan Yuni aka kama ƴan Nijar biyar a tashar Seme, Nijar ta rufe bututun, tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai neman sulhu, daga baya lodi ya ci gaba. A tsakanin nan kaya da mutane suka koma kwale-kwale a kan kogi, har hukumomin Benin suka taɓa hana wannan ma.

Kowane ɓangare ya riƙe abin da yake iya riƙewa: ɗaya gada, ɗaya bakin teku. Kuma kowane ya ji a jikinsa, domin tashar Kwatano da kuɗin kayan Nijar take numfashi, Nijar kuma ta riga ta karɓi bashin dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC a watan Afrilun 2024 da sharaɗin biya da mai. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 125, ta ba ƙasar da ba ta da gaɓa haƙƙin kaiwa ga teku da wucewa da kayanta. Sai dai sashen ya bar sharuɗɗan wucewar ga yarjejeniya tsakanin ƙasashen, ya kuma bar wa ƙasar da ake ratsawa damar kare muradunta. A aikace, haƙƙin bai wuce ƙarfin takardar da maƙwabta biyu suka sa wa hannu ba.

Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙofar

Akwai ɓangaren da ba a cika magana a kansa a Yamai ba, kuma shi ne wanda sulhun ƴan siyasa ba zai gyara ba. Rairayin wannan gaɓa tafiya yake yi. Igiyar ruwa tana tura shi daga yamma zuwa gabas, kimanin mita kubik miliyan ɗaya a shekara. Duk wanda ya gina katanga cikin teku don kare tasharsa, ya tare wannan rairayi: gefen yamma ya cika ya yi tudu, gefen gabas kuma teku ya fara cin ƙasa.

An ga haka a Legas, inda aka fara gina katangun bakin mashigi a 1908 don manyan jirage su shiga, teku kuma ya yi ta cinye gaɓar Victoria. An gani a Lome bayan buɗe tasharta a 1968, inda ruwa ya lashe tsohuwar hanyar mota da ke zuwa Aneho. An gani a Kwatano, inda unguwannin gabashin tashar, ɓangaren Akpakpa, suka rasa gidaje da tituna, har gwamnati ta koma jera duwatsu cikin teku don rage ɓarnar. Madatsar Akosombo da Ghana ta gina a kan kogin Volta a shekarun 1960 ta ƙara rage rairayin da ke isowa. Wani rahoton Bankin Duniya na 2019 ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓa, wato ambaliya da zaizaya da gurɓata, ta jawo wa Benin, Togo, Kodebuwa da Senegal asarar dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai, kashi 5.3 cikin ɗari na arzikin da suka samar a shekarar.

Ta baya kuma tafki ne. Kwatano gaba kura ce baya sayaki. Yawancin birnin a kan fadamun da tsohuwar taswira ta nuna aka gina shi, aka cike su da ƙasa da shara. Fadama kuwa ba ta manta wurinta. A ambaliyar 2010, wadda ta shafi mutane kusan 680,000 a faɗin Benin, unguwannin bakin tafki sun daɗe cikin ruwa. Mashigin 1885 da aka tona don maganin ambaliya ya kawo tasa matsalar: tun da katangun tashar suka rage rairayin da ke toshe bakinsa, ruwan gishiri ya riƙa shiga tafkin, ya canza irin kifin da ake kamawa, ya kuma kawo tsutsar da ke cin itacen akaja, wato shingen rassan da masunta ke kafawa don tara kifi. A ƙarshen shekarun 1970 sai da aka gina wata madatsa a bakin mashigin don daidaita ruwan. A shekarar 2000 aka sa tafkin da ƙasan kogin Weme cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, amma birnin bai daina matsowa cikinsu ba.

Wannan yana da ma'ana ga masu ganin sauya tasha shi ne magani. Lome a kan irin wannan rairayi take, da irin wannan ciwo, ga kuma hanyarta ta bi ta yankunan da ƴan bindiga ke tare motoci. Abijan ba ta zama tasha ba sai da aka tona mashigin Vridi a 1950, bayan yunƙurin farko na farkon ƙarnin ya cike da rairayi. Nisanta da Damagaram kuwa ba a magana. Tayin da Sarkin Maroko ya yi a watan Nuwamban 2023 na buɗe wa ƙasashen Sahel hanyar Atlantika ta Dakhla yana buƙatar dubban kilomitoci na hanyar da ba a gina ba tukuna. Zancen mayar da man ta Chadi zuwa Kribi a Kamaru, wanda aka farfaɗo da shi a 2024, yana nufin sabon bututu da sababbin maƙwabta biyu da za a yi ciniki da su. Legas, wadda ta fi kusa da Maradi da Damagaram tun zamanin gyaɗa, tana da nata cunkoso da nata dokokin hana shigo da kaya, kuma Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba tare da ta shawarci kowa ba.

Ba ɗaya daga cikinsu da za ta maye gurbin Kwatano ita kaɗai, kuma ita ma Kwatano bai kamata ta sake zama ita kaɗai ba. Raba kaya tsakanin tashoshi biyu ko uku yana da tsada a lokacin zaman lafiya, amma abin da aka biya tun 2023 ya fi shi tsada. Kuma duk yarjejeniyar da za a sake ƙullawa da Benin, idan ta tsaya ga buɗe gada kawai, ta bar rabin aikin: ana buƙatar a rubuta wanda zai raba gardama idan an sake saɓawa, da kayan da ba za a taɓa tarewa ba ko ana faɗa, kamar magani da abinci.

Sai kuma batun gaɓar kanta. Tun 2018 Bankin Duniya ke tallafa wa wani shiri mai suna WACA don kare gaɓar Afirka ta Yamma, Benin da Togo suna ciki, har sun yi aikin haɗin gwiwa tsakanin Aneho da Grand-Popo. Nijar ba ta ciki, tunda ba ta da teku. Amma tankunan da ke tara man Agadem a Seme suna gabas da katangun tashar Kwatano, wato a gefen da rairayi ke ƙaranci, kuma bututun an gina shi ne don ya yi aiki shekaru da dama.